Sara, Haƙa, Feshi ko Rufewa: Yadda Za a Zaɓi Hanyar Raba Lambun Gida da Muguwar Ciyawa a Kumasi

Fulotin da aka saya a bayan garin Kumasi, wajen Kenyasi ko Abirem ko Parkoso, yakan yi shekaru a zaune kafin mai shi ya gama tara kuɗin bulo da siminti da kwano, kuma a tsawon waɗannan shekaru ƙasar ba ta zama fayau tana jiransa. Ranar da iyali suka tare daga Aboabo ko Asawase, uwargida ta nemi a ware mata ɗan wuri a bayan gida inda za ta zuba ayoyo da alefu da kuɓewa saboda miyar tuwo, sai a tarar wurin ya riga ya sami masu shi, waɗanda ba sa tashi don an nuna musu takardar fili. Daga nan shawara take rabuwa. Wani zai ce a kira ɗan ƙwadago ya sassabe a cinna wuta, wani zai ce a je kasuwar Kejetia a sayo maganin feshi a huta, tsofaffin da suka yi noma a arewa su ce babu abin da ya kai fartanya da dagi, masu ilimin zamani kuma su kawo zancen rufe ƙasa da kwali. Na gwada huɗun duka a bayan gidana, wasu da niyya wasu cikin rashin sani, kuma abin da na fahimta shi ne cewa ba a zaɓen hanya sai an fara tona gindin ciyawar an ga abin da ta ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, domin can ne ranta yake.

Wanda ya fi suna a cikin waɗannan miyagun ciyayi shi ne acampong, wanda masana ke kira Chromolaena odorata. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, ya shigo kudancin Najeriya a ƙarshen shekarun 1930, aka fara lura da shi a Ghana wajen 1969, sannan ya bazu a yankunan koko a zamanin mulkin Janar Acheampong, tsakanin 1972 da 1978, shi ya sa sunan shugaban ya bi shi har yau. Yana tashi ya kai mita 2 zuwa 3, rassansa su sarƙe da juna har su hana komai tsira a ƙarƙashinsu, kuma da zarar hunturu ya kama sai ya fitar da fure fari-fari mai ɗan shuɗi, kowane gindi ya saki dubban iri marasa nauyi waɗanda iska ke kwasa ta tsallaka da su katanga. Ƙarfinsa a wuri biyu yake, wato irin nan da kuma wani dunƙulen kututture da ke daidai inda kara ya haɗu da saiwa. Saiwarsa ba ta yin tafiya ta je ta ɓullo da sabon tsiro a wani wuri, saboda haka idan aka cire dunƙulen, wannan gindin ya mutu ke nan. Mutanen gari suna murza ganyensa su matsa a kan sabon yanka don tsayar da jini, kuma saboda haka wasu kan bar gindi ɗaya a kusurwa. Ban ga laifin hakan ba muddin za a datse shi kafin ya yi fure.

Tofa da aya-aya halinsu daban ne ƙwarai, kuma su ne suka fi cin ran mai lambu. Abin da ido ke gani na tofa, wato dogon ganyen nan mai kaifi da ake jinka da shi, ƙaramin kaso ne na jikinta, domin a ƙarƙashin ƙasa tana da fararen jijiyoyi masu gaɓa-gaɓa da ke tafiya a kwance, tsininsu yana da ƙarfin da zai huda doya ko rogo ya wuce, kuma duk guntun da ya karye da gaɓa a jikinsa zai iya zama sabuwar tofa. Ita kuwa aya-aya, 'yar'uwar ayar da muke ci, tana jera ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe a jikin siraran zare kamar carbi, mafi yawansu a cikin santimita 15 na saman ƙasa. Idan aka fizge ganyen zaren ya tsinke, ƙwayoyin da ke barci a ƙasa sai su farka, wurin da aka cire ɗaya ya fitar da uku. Kirikiri ma haka take bin ƙasa da gaɓoɓinta, balasa kuma ko an cire ta an yar a gefe, in dai akwai danshi, sai ta sake kafa saiwa daga inda take kwance.

Sai kuma itacen da ake kira yok, wanda ba kowa ne ya san baƙo ba ne. An shigo da shi Ghana a 1969 don a gwada yin takarda da shi, aka dasa a wasu gandayen daji, ciki har da na Afram Headwaters da ke yankin Offinso, kuma da yake an kawo namiji da tamata, ya yi 'ya'ya, tsuntsaye da jemagu suka yaɗa shi. Ganyensa yana da gashi-gashi, awaki da tumaki suna cinsa, shi ya sa masu kiwon ragon layya ba sa ƙinsa. Matsalarsa a cikin gida ita ce saiwoyinsa suna shimfiɗa a kusa da saman ƙasa har mitoci da yawa daga gindin, kuma duk inda aka ji wa saiwa rauni ko aka sare uwar, nan take 'ya'ya suke ɓullowa. Wanda ya gane cewa acampong yana rayuwa da iri da dunƙule, tofa da aya-aya da abin da suka binne, yok kuma da shimfiɗaɗɗiyar saiwa, zai ga dalilin da ya sa hanya ɗaya ba za ta yi musu duka ba.

Sara da adda ita ce hanya mafi araha da sauri, kuma ita ce mafi ruɗi. Ɗan ƙwadago ɗaya zai share bayan gida kafin azahar, wurin ya yi fes, amma bayan mako 3 na damina kowane kututturen acampong zai fito da rassa da yawa a madadin ɗaya, tofa kuwa ta dawo da ɗanyen ganye kamar an yi mata taki. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sara tana da amfani a wuri biyu kawai a ganina: a matsayin share fage kafin a haƙa ko a rufe, da kuma a watan Nuwamba don a hana acampong yin fure. Gaskiya ne cewa idan aka dinga yanke duk tohon da ya fito kowane mako 2 ba fashi, abincin da ciyawar ta tara a ƙasa zai ƙare ta mutu, amma wannan aikin shekara ne ko fiye, kuma tafiya ɗaya zuwa biki ko ta'aziyya a Tamale ta isa ta mayar da hannun agogo baya.

Wuta kuwa ban ba kowa shawarar ta ba. Tofa tana son wuta, domin jijiyarta tana ƙasa lafiya lau, kuma bayan ƙuna ita ce farkon mai tohowa da yin fure tun sauran tsirrai ba su farfaɗo ba. Kututturen acampong ma yana tsira, irinsa kuma yana buƙatar haske kafin ya tsiro, ga shi wuta ta buɗe masa fili. Busasshen acampong a watan Janairu yana kamawa kamar an zuba masa kananzir, a unguwar da gidaje ke manne da juna da wayoyin lantarki a sama. Waɗanda suka ga gobarar dajin 1983 ba sa wasa da wannan, kuma tun 1990 akwai dokar ƙasa da ta hana cinna wutar daji. Haka nan zuba gishiri ko baƙin mai a gindin ciyawa, wanda na ji wasu suna yi: ciyawar za ta mutu, amma ƙasar ma ta lalace, ruwan sama kuma ya kai ragowar cikin rijiya.

Haƙa da tugewa ita ce hanyar da ta fi wahala a jiki, kuma ita ce na fi amincewa da ita a ƙaramin lambu, sai dai tana da lokaci da ka'ida, kuma lokacin ba ɗaya ba ne ga kowace ciyawa. Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Acampong da ƙananan tsiron yok da na dogon yaro ana tuge su ne washegarin ruwan sama, lokacin da ƙasa ta yi laushi, domin a lokacin ƙaramin tsiro yana fitowa da hannu har saiwarsa, babba kuma sai a sare rassan a bar kara kamar kamu ɗaya da za a riƙe, a soka dagi ko diga a ƙarƙashin dunƙulen a ɗaga shi gaba ɗaya. Mutum ɗaya mai ƙarfi zai iya gama gindi masu yawa a yini, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Abin da zai dawo shi ne sabon tsiro daga irin da ke cikin ƙasa, wanda fartanya ke gamawa da shi cikin sauƙi idan ba a bari ya wuce tsawon yatsa ba.

Tofa da aya-aya kuwa a rani ake haƙa su, tsakanin Disamba da Fabrairu. Wani dattijo ɗan arewa da ya daɗe yana aikin lambu a bakin rafi shi ya koya mini wannan, ranar da ya same ni ina ta fama da fartanya a tsakiyar watan Yuni. Ya tsaya ya dube ni, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ai dashe kake yi mata. Bari iska ta bushe tukuna, rana za ta yi maka rabin aikin." Maganarsa gaskiya ce, domin fartanya tana daddatsa jijiyar ne gunduwa-gunduwa, a cikin danshi kuma kowace gunduwa sabuwar shuka ce. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da cokalin haƙa mai yatsu ko diga, a birkice ƙasar zurfin kamu ɗaya ko fiye, a bi jijiyoyin a zaro su dogo-dogo ba tare da tsinka su ba, a tsince ƙwayoyin aya-aya da hannu, sannan a bar ƙasar a birkice ta sha rana da iskar hunturu kamar mako 2, a sake birkicewa a sake tsincewa. Ƙwayar aya-aya da ta bushe ƙayau a rana ta mutu. Kada kowa ya yi tsammanin zagaye ɗaya zai isa. Da ruwan farko za a ga waɗanda suka kuɓuta, kuma a cire su tun suna da ganye 3 ko 4, kafin su fara ɗaura sababbin ƙwayoyi.

Aibin haƙa a fili yake. Tana cin ƙarfi da lokaci, ƙasar Kumasi ja ce mai tauri a rani, kuma idan za a biya ɗan ƙwadago kuɗin yini, ya kamata a yi ciniki a kan tarin jijiyar da ya fitar, domin idan aka yi a kan faɗin wurin da ya share, zai kankare sama ne ya tafi. Birkice ƙasa kuma yana fito da tsohon iri sama. Kuma akwai inda haƙa ba ta da amfani sam, wato babban yok. Na sare wani a kusa da katanga na tone kututturensa, ina ganin na gama, bayan wata 2 na ƙirga 'ya'ya fiye da ashirin a jere bisa layin saiwoyin da na bari, wasu har a tsakiyar kunyar attarugu.

Wannan ya kawo mu ga maganin feshi, wanda ya kamata a yi masa adalci, domin masu yabonsa da masu zaginsa duka sukan wuce gona da iri. Wanda aka fi sayarwa shi ne gilifoset, wanda za a ga an rubuta glyphosate a jikin kwalba ko da wane suna ne a sama, Roundup ne ko Adwuma Wura, manoma da yawa kuma kondem suke ce masa. Kamfanin Monsanto ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1974. Yana shiga ta ɗanyen ganye ya gangara har cikin saiwa, shi ya sa yake iya kai wa jijiyar tofa inda fartanya ba ta kai ba, amma ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 1 zuwa 2, ba ya taɓa irin da ke kwance a ƙasa, kuma ba ya bambanta tofa da masara ko ayaba. Yana son ganye mai girma da ƙarfinsa, saboda haka a kan tofa ana sarewa ne a jira sabon toho ya kai kusan gwiwa sannan a fesa. Yana son sa'o'i kamar 6 ba ruwan sama. Yana kuma son ruwa mai tsabta, domin laka tana kama shi ta kashe ƙarfinsa, wanda ya ɗebo ruwan kwata ya haɗa ya yi asarar kuɗinsa. A kan aya-aya aikinsa rabi ne, domin ƙwayoyin da ba su fitar da ganye ba ba ya kai musu, sai an maimaita. Balasa kuwa takan jure shi.

Game da lafiya, a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gilifoset a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar, yayin da hukumomin Amurka da na Turai suka ce ba su ga wannan haɗari ba idan an bi ka'ida, har Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Mai lambun gida ba zai raba wannan gardama ba, amma zai iya lura da cewa ka'idar da ake magana ta ƙunshi safar hannu da takalmin roba da takunkumi da awo daidai da abin da takardar kwalba ta faɗa, alhali abin da muke gani shi ne yaro da silifas yana awo da gwangwanin madara yana ƙarawa da ido. Wanda ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba shi ne farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone. Yana ƙona ganye cikin yini ɗaya ko biyu, shi ya sa mutane ke ganin ya fi ƙarfi, alhali ba ya gangarawa saiwa, tofa da acampong su dawo kamar an yi musu sara. Kurɓi ɗaya na iya kashe mutum ta hanyar lalata huhu, ba shi da makari, kuma Turai ta hana shi tun 2007. A gidan da yara ke ɗaukar kowace kwalbar lemo su kafa kai, ban ga dalilin da zai sa ya ƙetare ƙofa ba. Akwai kuma 2,4-D, mai kashe masu faɗin ganye ya bar dangin ciyawa, wanda yake aiki a kan acampong, amma ɗan tururinsa kaɗan ya isa ya murɗe ganyen tumatir da kuɓewa. Na rasa kunya biyu na tumatir ranar da aka yi feshi a wani fili da ke bayan katangata ana iska, kuma ko famfon da aka taɓa zuba shi a ciki ba a wanke sosai ba yana yin wannan ɓarna.

Saboda haka wurin da na yarda magani ya fi kowace hanya ƙunci ne, amma na gaske ne. Na farko shi ne kututturen yok da makamantansa: a sare itacen kusa da ƙasa, a cikin 'yan mintoci kafin yankan ya bushe a shafa gilifoset mai kauri ko tirikilofir, wani maganin kashe itatuwa, da buroshi a zagayen da ke ƙarƙashin ɓawo, domin ta nan yake bi ya kai saiwoyin da ke nesa. Babu feshi, babu abin da iska za ta ɗauka, kuma abin da ake buƙata bai wuce 'yan cokula ba. Da haka na rabu da 'ya'yan yok ɗin nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai da na maimaita wa wasu. Na biyu shi ne fili mai faɗi da tofa ta cinye gaba ɗaya, wanda ba a shuka komai a ciki ba tukuna, ba ya kusa da rijiya ko rafi. A nan feshi ɗaya ko biyu a farkon damina, da sassafe iska ba ta tashi ba, zai rage aikin watanni. Wanda zai saya ya nemi kwalba a rufe mai lambar rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, ya guji wanda aka ɗura a wata roba ana sayarwa da awo, ya kuma tsare awaki da kaji daga wurin. A tsakiyar kunyoyin ayoyo da alefu kuwa, waɗanda ake yanka a kai tukunya a ranar, garin neman gira ne za a rasa ido.

Hanya ta huɗu ita ce hana ciyawa haske, kuma ita ce mutanenmu suka fi rainawa, alhali tofa da aya-aya da tsiron acampong duka ba sa jure inuwa. Ana sare ciyawar ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa kwalaye masu kauri da aka cire musu leda da salatif, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa da kamar tafin hannu don kada a bar kafa, a jiƙa su, sannan a zuba abin rufi mai kaurin santimita 10 a kai, busasshen ganye ne ko ɓawon koko ko dusar katako. Kwali ba ya wuya a kasuwannin Kumasi, dusar katako kuma tana nan tuli a wurin masu katako na Sokoban, sai dai ɗanyar dusa idan ta gauraya da ƙasa tana janye sinadarin da ke sa ganye kore, saboda haka a bar ta a sama ko a haɗa ta da kashin kaji. Ana iya huda kwalin a dasa attarugu ko yalo nan take, wanda ke nufin lambu ba ya jira. Wannan hanya ba ta buƙatar ƙarfi, dattijuwa ma za ta iya, ba ta taɓa rijiya, kuma ƙasa tana ƙara kyau a ƙarƙashinta.

Amma tana da nata aibin. Tana da jinkiri, domin tofa na bukatar watanni a cikin duhu kafin ta mutu, kuma a damina kwali yana ruɓewa kafin nan, sai an ƙara wani. Aya-aya tana huda siririyar baƙar leda da tsininta kamar allura, don haka leda ba ta isa ba sai kwali ninki biyu ko tsohon kwanon rufi, ƙarƙashin kwano kuma maciji da kunama suna son zama. Gara tana zuwa cin kwali da dusa, saboda haka kada a kai su jikin ginin gida ko gindin ƙofar katako. A kan babban kututturen acampong ko yok kuwa rufewa ba ta yin komai, za su ɗaga kwalin su fito ta gefe. Wasu suna shimfiɗa farar leda a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na mako 4 zuwa 6 don zafin rana ya dafa irin da ke sama. Wannan yana aiki a Fabrairu da Maris bayan hazo ya washe, amma abin da ke zurfi yana tsira.

Inuwar da ta fi ɗorewa ita ce ta shuka mai rai. A kudancin Jamhuriyar Benin manoma sun karɓi wani nau'in karara mara ƙaiƙayi, wanda ake kira mukuna, a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, musamman saboda yana danne tofa a gonakin da aka riga aka fid da rai da su. A bayan gida mukuna yana da ƙarfi fiye da kima, zai haye lemo da ayaba da katanga, saboda haka na fi son kudaku ko kabewa ko wake mai yaɗo, waɗanda ke rufe ƙasa cikin makonni kuma a ci amfaninsu. Ko wace hanya aka bi a farko, wannan matakin ba a tsallake shi, domin ƙasar da aka share aka bari tsirara a Kumasi ba ta yin wata ɗaya ba ta sami sabon mai ita ba.

Idan aka ɗora hanyoyin a kan yanayin gidaje, zaɓin yana sauƙi. Mai ɗan wuri a bayan ɗaki, da rijiya a tsakar gida da yara suna wasa, wanda acampong ne ya dame shi, dagi da safiya biyu ko uku bayan ruwan sama sun ishe shi, kuma sayen magani a gare shi asara ce. Wanda aya-aya ta cika wa kunyoyi ya haƙura har hunturu ya haƙa ya tsince, sannan ya rufe da kwali ya dasa a ciki, ya kuma sa a ransa cewa shekara biyu zai yi yana bibiya. Mai cikakken fuloti da tofa ta mamaye, wanda ba shi da ƙarfi ko masu taimako, zai iya yin feshi sau ɗaya kafin ya shuka komai, ya bi da kudaku ko wake, kuma ya fi kyau ya ɗauki wurin kashi-kashi da ya buɗe shi duka ya kasa riƙewa. Mai yok kuma kada ya taɓa shi da adda sai buroshi da magani suna hannunsa, ko kuma ya yarda zai dinga yanke 'ya'yan yana ba tumaki har saiwar ta gaji. Ta fuskar kuɗi, sara ce mafi araha a rana ɗaya kuma mafi tsada a shekara, domin ana biyanta sau da yawa.

Abin da aka cire ma yana da hukuncinsa. Ganyen acampong da bai yi fure ba taki ne mai kyau, ana iya shimfiɗa shi a gindin ayaba ko a zuba a ramin taki, amma wanda ya riga ya yi fure a tura shi cikin buhu a ɗaure tun kafin a ja shi a ƙasa ana watsa iri. Jijiyar tofa da ƙwayar aya-aya da kirikiri da balasa ba sa shiga ramin taki da ransu. A baza su a kan siminti ko kwano har su bushe su karye a hannu. Kada a zuba su a kwata, domin ban da toshe hanyar ruwa, wanda mutanen bakin rafin Aboabo suka san sakamakonsa, ruwan zai kai su ya dasa a filin wani. Sannan a leƙa bayan katanga: idan fulotin maƙwabci yana zaune ba gini kuma acampong ya cika shi, duk wahalar da aka sha za ta dawo da iskar Janairu, saboda haka yana da kyau a nemi mai filin ko wanda ya bar wa amana tun watan Oktoba, a roƙi izini a haɗa kuɗin ɗan ƙwadago a sare shi kafin fure ya buɗe.